Sake ɗinkin injin Porsche 911 SC: fara da man da za ta sha da zafin garinku

"Assalamu alaikum. Na sayi Porsche 911 SC ƙirar 1982, ta Amurka, ina Kaduna da ita. Tana shan baƙin mai, tana hayaƙi in na saki totur a gangara, kuma da bakanikena ya buɗe murfin bawul na ƙasa sai wani noti ya faɗo da guntun ƙarfe a cikinsa. Tunda dole a sauke injin, ina so in ƙara masa ƙarfi gaba ɗaya. Wani ya ce in sa manyan fistin ya koma lita 3.2, wani ya ce in sa na Turai masu matsi 9.8, wani kuma ya ce kamshaf na tsere da kafireto. Wanne zan ɗauka? Yawona bai wuce cikin gari ranar Asabar da Lahadi ba, sai Abuja ko Jos jefi-jefi."

Wa alaikumus salam, Malam. A baki tambayarka ɗaya ce, amma uku ce a ciki: girman fistin, yawan matsi (wato ninki nawa fistin ke matse haɗin mai da iska a silinda), da yadda injin zai shaƙi iska da mai. Duk ukun da aka faɗa maka kayan kirki ne, kowanne akwai motar da ya dace da ita. Sai dai masu ba ka shawara sun faro ne daga ƙarfin doki, ni kuwa zan faro daga gidan man da kake sha da ranar Kaduna a watan Afrilu, domin waɗannan biyun ba ka da ikon canza su, sauran duk kana da shi.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, sannan in kawo dalili. Da motar a garejina take, zan bar ta a lita 3.0 matuƙar silindodinta na da rai, in tsayar da matsin da aka auna tsakanin 9.0 da 9.3, in bar mata tsarin man da ta zo da shi, in sa kamshaf mai sauƙin hali, kuɗin da ya rage kuma in zuba shi a sanyaya, salansa da abubuwan da ke kashe irin wannan inji.

Abin da ke hannunka

Ni a kan Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru na koyi aiki, irin wadda aka fara haɗawa a Ojo ta Legas a 1975, kuma duk wanda ya tashi a kanta ba baƙo ba ne a gaban 911, don gida ɗaya suka fito. Ferdinand Porsche ne ya tsara kunkurun, Porsche 356 ta 1948 da injin da aka samo daga gare ta ta fara, sannan 911, wadda aka nuna a Frankfurt a 1963, ta zo da silinda shida a kwance, uku dama uku hagu. Aka yi ta faɗaɗa injin nan daga lita 2.0, fanka na hura masa iska, har 1998. Darasin farko da kunkuru ta koya mana shi ne silinda ta uku: a tsofaffin ƙira, lagireton baƙin mai yana tare mata iska, don haka ita ce ke fara ƙona bawul. Inji mai ruwa yana da mai shiga tsakani, ruwan ya riƙe kan silinda a wajejen digiri 90 ko ana sanyi ko ana zafi. Mai iska ba shi da wannan gata. Kan silindarsa kan wuce digiri 150 a tafiya ta yau da kullum, kuma duk abin da ranar garinku ta ƙara, kai tsaye yake shiga jikinsa.

SC an yi ta daga 1978 zuwa 1983. Faɗin fistin milimita 95, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 70.4, jimla cc 2,994. Gidan injin alminiyom ne, kuma nan ka yi sa'a, domin na lita 2.7 da ya gabace shi na magniziyam ne, mai laushi, zaren kusoshinsa kan tsige. Na farkon SC matsinsu 8.5 ne da doki 180. Na Turai daga 1981 suka hau 9.8 da doki 204, da sharaɗin mai mai okten 98 (okten shi ne ma'aunin juriyar mai ga matsi). Irin taka ta Amurka, daga 1980 zuwa 1983, matsinta 9.3, kuma hanyar shigar iska a kawunanta an matse ta zuwa milimita 34, alhali na farkon 39 ne. Riƙe wannan lamba ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Notin da ya faɗo

Guntun ƙarfen da ke cikin notin nan kan sitod ne, wato dogayen kusoshin da ke ɗaure kai da silinda a jikin gidan inji. Guda 24 ne. A SC, sha biyun da ke layin ƙasa, wajen salansa, an yi su da wani haɗin ƙarfe mai suna Dilavar, wanda aka zaɓa don yana buɗewa da zafi kusan daidai da alminiyom. Tunanin mai kyau ne, amma tsatsa na cin sa, ya yi ƙaramin rami, wata rana ya karye kamar kara. In ɗaya ya tafi, ka ɗauka sauran suna kan layi. A cire sha biyun duka, a sa na ƙarfe irin na sama ko na zamani masu kyau. A dumama gidan injin a gindin kowanne kafin a murɗa, saboda da gam aka ɗaure su, kuma wanda ya karye a cikin zare zai kai ka wurin masu injin huda.

Hayaƙin gangara kuwa yawanci ba ringi ba ne. In ka saki totur, iskar da ke cikin hanyar shiga ta yi ƙasa sosai, sai injin ya tsotso baƙin mai ta jikin sandar bawul in hannun rigar da take gudu a ciki ya yi yawa. Wannan ciwo ne sananne a 911, musamman ɓangaren salansa, kuma illarsa ta wuce hayaƙi: ta nan bawul ke sauke zafinsa, in ya yi sako-sako sai zafin ya taru a kansa.

Saboda haka kada ka sayi ko washa kafin a wargaje injin a auna. Silindodin SC iri biyu ne: na kamfanin Mahle masu shafen Nikasil a ciki, da na kamfanin Kolbenschmidt da ake kira Alusil. Ɗauki ƙaramin maganaɗisu ka kanga a cikin silindar. In ya ɗan kama, Nikasil ce. In bai kama ba sam, Alusil ce. Nikasil tana da taurin rai ƙwarai, na sha ganin wadda ta yi shekara arba'in zanen gugar da aka yi wa cikinta a masana'anta bai goge ba, sai wanki da sabon ringi. Alusil kuwa ba ta cika karɓar sabon ringi da daɗin rai ba, kuma in aka kai ta wurin mai gogar silindar ƙarfe ya bi ta da dutsensa, shi ke nan an kashe ta. Sakamakon maganaɗisun nan shi zai gaya maka ko za ka sayi fistin da silinda ko ba za ka saya ba, kuma su ne kaya mafi tsada a aikin.

Matsi

A nan zan daɗe, don a nan ake asarar injuna. Ƙarin matsi yana ba da ƙarfi a kowane juyi, yana rage shan mai, shi ya sa kowa ke kwaɗayinsa. Amma in aka matse haɗin mai da iska ya yi zafi fiye da abin da man zai jure, ragowar da wutar fulogi ba ta kai gare ta ba sai ta fashe da kanta. Maimakon turi, fistin ya sha guduma. A motar ruwa kana jin sa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A 911 inji yana bayanka, fanka na kuka, salansa na ruri, sau da yawa ba za ka ji komai ba. Kuma SC ba ta da na'urar da ke jin wannan bugu ta ja taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya; sai a ƙirar 911 ta 1989 da ake kira 964 Porsche ta sa mata ita.

Akwai injin da aka taɓa kawo mini, an sa masa fistin na Turai, bai yi shekara ba ya fara hura hayaƙi ta tankin baƙin mai. Da na zare fistin na biyar, gefen kansa ya yi ɓurɓushi kamar gara ta ci ƙofa, ringin sama ya karye gida uku, katangar da ke tsakanin ringi na ɗaya da na biyu ta tsage, ina taɓa ta da farce ta faɗo a tafina. Mai motar ya rantse bai taɓa jin wata ƙara ba, kuma na yarda da shi.

Man da muke sha a Najeriya iri ɗaya ne a famfo, oktensa a wajejen 91 a ma'aunin da Turai ke amfani da shi. Ka kula da wannan, don yana ruɗa masu karanta shawarar Amurkawa: lambar da ke jikin famfonsu wani lissafi ne daban, 91 ɗinsu ya kai kusan 95 a namu, namu kuwa daidai yake da 87 ɗinsu, wato mafi arha a can. In Ba'amurke ya ce injinsa mai 9.8 yana lafiya da 91, ba manka yake nufi ba, ba kuma zafinka ba. Sannan ko 91 ɗin ba kullum ake samun sa cif ba. Ba a manta da man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai yawan metanol ba, kuma duk mai tafiya ya san ranar da tilas za ta sa ya sayi na galan a bakin hanya. Inji dole a bar masa sarari na irin wannan rana.

Siffar ɗakin ƙonewar ma tana da hannu. Kan 911 kamar ƙwarya yake a kife, fulogi a gefe ɗaya. Don a sami matsi mai yawa sai a yi wa fistin tozo, tozon kuma ya tare wa wuta hanya zuwa ɗaya gefen, can ne fashewar ke farawa. Maganin da Porsche ta yi shi ne fulogi biyu a kowace silinda, kuma da shi ne 964 ta iya ɗaukar 11.3. Ana yi wa SC haka: a huda kawuna shida, a gyara murafan ƙasa, a nemo distiributa mai waya 12 ko tsarin wuta na lantarki. Aiki ne mai kyau, yana rage taimin da injin ke buƙata da 'yan digiri, yana rage zafin kai. Amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma bai mayar da man 91 ya zama 98 ba.

Sai abin da yawancin mutane ba sa yi: auna matsin da hannu. Lambar da ke jikin kwalin fistin alkawari ne kawai, gaskiyar tana cikin injinka. Ga lissafin. Kowace silinda tana share cc 499. Don a sami 9.3, sararin da ya rage in fistin ya kai ƙololuwa dole ya zama kusan cc 60. To kan da sitod ɗinsa ya karye yakan yi ta dukan bakin silinda har fuskarsa ta lalace, sai an yanke ta. In aka yanke rabin milimita, ka rasa kusan cc 3.5, kuma 9.3 ɗinka ya zama 9.8 ba tare da ka sayi komai ba. Wataƙila ma wani ya riga ya yanke su a Amurka shekaru ashirin da suka wuce. Yadda nake yi, ina kife kan a kan tebur da bawul da fulogi a jiki, in shafa ɗan giris a bakinsa, in rufe da farantin roba mai haske mai ƙaramin rami, in riƙa ɗura mai da sirinji ina ƙirgawa har kumfar ƙarshe ta fita. Haka zan auna tozon fistin. In lissafi ya haura, akwai gasket na tagulla a gindin silinda, na asali kwata na milimita ne, ana samun mai kauri. Sai dai kada a wuce gona da iri: ratar da ke tsakanin gefen fistin da kai ana son ta tsaya kusa da milimita ɗaya, domin matsewar nan ce ke gauraya mai da iska, in ta yi faɗi sai ka rage matsi amma ka ƙara haɗarin fashewa. Duk abin da aka yanke a kai ɗaya kuma a yanke daidai shi a sauran, don kamshaf ɗaya ne ke kwance a kan uku.

Fistin na 9.8 ke nan na cire maka su daga lissafi. Jos, da tsayinta na kusan mita 1,200, iskarta ba ta da nauyi, inji zai ɗan samu sassauci a can, amma ba a Jos motar take kwana ba.

Manyan fistin

Wannan shawarar ta fi ta farko hankali. Fistin na milimita 98 a kan karanshaf ɗinka na 70.4 yana ba da cc 3,186, ƙarin kusan kashi shida cikin ɗari, kuma ƙarfin ja ne da za ka ji tun daga ƙasa, inda kake tuƙi. Silindodin suna shiga gidan SC ba sai an faɗaɗa shi ba, bakin kawunan ne ake ɗan gyarawa. Kada ka haɗa shi da lita 3.2 na 911 Carrera, wadda ta gaji SC daga 1984 zuwa 1989: wancan faɗinsa 95 ne, karanshaf ne aka tsawaita zuwa 74.4, kuma in ka bi ta can sai ka sayi karanshaf, kwanrod da fistin duka, don ko sandar da ke riƙe fistin ba girmansu ɗaya ba.

Hukuncina a nan ya rataya ne a kan maganaɗisun nan. In silindodinka Nikasil ne kuma suna cikin awo, zubar da su don kashi shida ɓarna ce. In Alusil ne da suka gaji, dole ka sayi sababbi, to bambancin kuɗin 95 da 98 ba shi da yawa, kuma ba zan hana ka ba. Sharaɗi biyu: fistin ya zama wanda aka yi wa tsarin man da za ka yi amfani da shi, kuma matsin ya tsaya a ƙasan abin da na faɗa, wajen 9.0, saboda faɗin ɗaki ya ƙaru, tafiyar wuta daga fulogi ɗaya ta ƙara nisa. Ka tuna kuma duk dokin da aka ƙara, zafinsa na biye da shi, fankar kuwa ita ce dai ta da.

Kamshaf da kafireto

Kamshaf ba ya zama shi kaɗai, da tsarin mai ake aurar da shi. Motarka tana da Bosch K-Jetronic: wani faranti ne a hanyar iska, iskar da injin ke ja tana ɗaga shi, shi kuma ya buɗe wa nozul shida mai gwargwadon ɗagawar. Kamshaf na tsere yana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na tsawon lokaci. A juyi mai yawa wannan na taimakawa, amma a ƙasa iska kan dawo da baya, ta riƙa kaɗa farantin, sai mota ta kasa tsayuwa a silo (inji na juyi ba a taka totur ba), ta riƙa tari a cunkoso. Ban da haka, fistin ɗin wannan tsari ba shi da ramuka masu zurfi na bawul, kamshaf mai ɗagawa da yawa zai haɗa su karo.

Wanda ya ce ka sa kafireto ya san wannan, shi ya sa ya haɗa su biyu. Kafireton Weber ko PMO masu maƙogwaro uku-uku, da fistin masu ramin bawul, da kamshaf irin na 911 S, inji ne mai daɗin gaske, kukansa kaɗai ya isa ya sa mutum ya so shi. Amma ƙarfinsa yana sama da juyi 4,500 a minti. Ka tambayi kanka sau nawa allurarka ke kai wa nan tsakanin Kawo da Barnawa. Sannan kawunanka masu milimita 34 an yi su ne don iska ta yi gudu a ƙasa da tsakiya. Za su shaƙe kamshaf na tsere daidai inda ya kamata ya fara aiki, sai an faɗaɗa su. In za a riƙa kai shi sama kuma sai sifirin na bawul da kusoshin kwanrod masu ƙarfi. Ka ga sarƙar: abu ɗaya ya jawo biyar. Ga kafireto a zafin rana, in ka kashe mota mai na tafasa a cikinsa, ga maƙogwaro shida da ke son mai daidaita su da kunne da ma'auni.

Abin da ya dace da kai shi ne kamshaf na asali in bai ci ba, ko a sake yanka shi a siffar na 964, wanda aka daɗe ana haɗawa da K-Jetronic lafiya lau, yana ƙara numfashi a sama ba tare da ɓata silo ba. Ko da shi, a gwada ratar bawul da fistin kafin a rufe. Ni ina neman aƙalla milimita 1.5 a na shiga, 2.0 a na fita.

K-Jetronic ɗin kansa a yi masa adalci. Yawancin zagin da yake sha laifin datti ne da iskar da ke satar shiga ta tsofaffin robobi. A wanke tanki, a canza tiyo da matatar mai, a gwada feshin nozul shida a kwalabe a ga sun zo daidai, a auna ƙarfin mai da geji a sanyi da zafi. Akwatin iskarsa na roba kan fashe in injin ya yi atishawa ta baya lokacin tayarwa, don haka a sa masa ɗan murfin nan mai sifirin da ke sakin iska. Taka kuma tana da ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashin kujerar fasinja da ke sarrafa wani bawul na mai. In wutarta ta yanke, mai zai yi ƙaranci, inji ya yi zafi. A tabbatar tana aiki.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Ana ce masa mai sanyaya da iska, amma rabin aikin baƙin mai ne ke yi. Sama da lita goma ne ke zagayawa daga tanki na daban. SC ta Amurka abin da aka sa mata a gaba, cikin mudgad na dama, bututu ne kawai da aka lanƙwasa, wanda ko a can an san bai isa ba. Cire shi ka sa lagireto sosai irin na Carrera, da fankarsa, a buɗe masa hanyar iska. Duba bututan da ke bin gefen mota, masu jak sun sha matse su. Burinka mai ya zauna tsakanin digiri 80 da 100; in allura ta doshi 120, tsayawa ake yi. Lagireton da ke jikin injin a wanke cikinsa da wajensa, in kuwa an ga ɓurɓushin metal a mai, kada a yarda da wanki na sama-sama.

Ƙurar hunturu in ta haɗu da yoyon mai tana zama kamar yaɓen laka a tsakanin haƙarƙarin silinda, kuma inji mai yaɓe bargo ya lulluɓa. Shi ya sa toshe yoyo a wurinmu maganar sanyaya ce. Kowane gwangwanin da ke jagorantar iska a mayar da shi wurinsa, har ƙananan da ke tsakanin silindodi, da robar da ta kewaye ɗakin inji, wadda ke hana zafin salansa dawowa bakin fanka. In za ka cire hita, tunda ba ka buƙatarsa, a toshe ƙofofinsa da kyau kada iska ta tsere ta nan. Fanbel ɗaya ne tak ke juya fanka: in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, kashe inji nan take, kuma kada ka rabu da safaya.

Salansa ita ce ƙarin ƙarfi mafi arha da aminci a SC. Ta asali ta tara hayaƙin ɓangarorin biyu ta hanya mai murɗiya zuwa tukunyar tace hayaƙi, wadda bayan shekara arba'in ta zama murhu a gefen inji. Tsarin irin na kafin 1975, mai bututu uku-uku masu tsayi ɗaya, kamar na kamfanin SSI, yana sauke zafi kuma za ka ji bambanci a tsakiyar totur. Sai abin da ke ɗame sarƙar taimin: na SC kan saki ba sallama, sarƙa ta yi tsalle, bawul ya gamu da fistin. A sa irin na Carrera da ƙarfin baƙin mai ke ciyarwa, waɗanda suka fito a 1984, da sababbin sarƙoƙi da robobin da suke gudu a kai. Kusoshin kwanrod sau ɗaya ake ɗaure su, a sa sababbi. Bututun da ke fesa wa kamshaf mai a zare shi a tsefe kowane rami.

Iyakar wannan shawara

Ban ga injinka ba, kuma awo na iya rushe wani ɓangare na abin da na faɗa. Karanshaf da ya tsage ko kan da aka yanke fiye da kima zai canza lissafin kuɗin gaba ɗaya. Shawarar kuma ta mai yawon ƙarshen mako ce da man famfo. Wanda zai shiga tsere da man da ya tanada na musamman, wannan wani gini ne, kuma akwai waɗanda suka fi ni hannu a kansa. Aikin kawuna da awon gidan inji suna son wurin da ya saba da 911. In babu a kusa, gara a tura kawuna shida waje a jira wata biyu da a koyi aiki a kansu.

In an haɗa, a cika shi da baƙin mai 20W-50 mai isasshen sinadarin zinki, a juya shi ba wuta har gejin mai ya tashi, sannan a tayar a riƙe shi a wajen juyi 2,000 na minti ashirin don kamshaf ya zauna, a zubar da man. Taimin a sa shi da fitila a kan abin da littafin motar ya ce, ba da kunne ba, kuma kada a ƙara ko digiri ɗaya. Kilomita dubu na farko ka riƙa sauya giya da nauyin ƙafa, ban da barin sa a silo, ban da jan babbar giya a ƙaramin gudu. Daga nan a bar shi ya kwana ya huce, a sake duba notocin kai, a daidaita bawul a 0.10 na milimita. Idan bakanikenka ya gama wargajewa, turo mini abin da maganaɗisu ya nuna, awon silindodi shida da cc na kowane kai, sai mu zaɓi kaurin gasket ɗin tare.